Ruwan da 'Yan Kuza Suka Bari

Wannan makon layi ya biyo ta kaina, kuma tarihi na ɗauko. A yi haƙuri da tsawonsa.

A gidanmu da ke cikin birnin Katsina akwai wani tsohon kwanon sarki wanda gindinsa ya huje. Tun ina yaro a cikinsa ake zuba wa tumaki dusa. Sai da na yi wayo na ji cewa na wan kakana ne, daga Bukuru ya taho da shi. Shekara da shekaru, da zarar an gama girbi an kai gero rumbu, sai ya bi ayarin 'yan cin rani zuwa ƙasar Jos ya yi aikin kuza, ya samo kuɗin haraji da na suturar iyali, ya dawo kafin ruwan shuka. Ban riske shi ba. Abin da ya rage na labarinsa a bakin tsofaffin gidan abu biyu ne: sanyin da ke tsaga leɓe, da kuma ruwa. Wai cikin ruwa suke wuni. Na daɗe ina mamakin wannan, don a tunanina mai haƙar ma'adini cikin ƙura yake. Me ya haɗa shi da ruwa?

Amsar tana cikin yanayin kuzar kanta. Yawancin kuzar Filato ba a cikin dutse take ba. Ruwan sama ne ya zaizayo ta daga duwatsu tun zamani mai nisa, ta kwanta a gindin rafuka, wasu rafukan ma sun daɗe da ƙafewa ƙasa ta binne su. Baƙar tsakuwa ce mai nauyi, ta fi yashi nauyi nesa ba kusa ba. Saboda haka hanyar raba ta da ƙasa ita ce wanki: a zuba ƙasar cikin ruwa mai gudu, laka da yashi su tafi, kuzar ta kwanta. Duk wanda ya taɓa ganin ana rairayar tsakuwa daga shinkafa a ƙwarya ya fahimci dabarar. Ke nan wanda ba shi da ruwa ba shi da kuza, ko da kuwa a kanta yake kwana.

Bature bai koya mana wannan ba. Kafin zuwansa akwai maƙera a Ririwai, wadda yanzu take ƙaramar hukumar Doguwa a Jihar Kano, da kuma Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi, waɗanda ke wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinken tsintsiya. Fatake na ɗaukar waɗannan tsinkayen zuwa kasuwanni masu nisa. A kasuwannin gaɓar Binuwai ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gan su, suka shiga cigiyar inda ake samo su. A 1902 kamfanin ya aika mai bincike, a 1903 kuma Kanar Laws ya hau tudun Filato, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen da ya tarar, Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu, ba su shimfiɗa masa tabarma ba. Da bindiga aka buɗe ƙasar. Dokar mulkin mallaka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ita ke ba kamfani izinin haƙa, manomin da aka tone masa gonar acca kuwa sai ɗan abin da aka ga dama. Maƙeran Liruwe su ma ba su daɗe ba sana'arsu ta mutu, domin wuraren da suke wanki sun shiga cikin takardun izinin kamfanoni.

Daga 1909 zuwa 1913 kasuwar hannun jari ta Landan ta haukace a kan kuzar Nijeriya, kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar tsiron damina. Aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya isa Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babban layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafancan ya iso Jos, ya zo da kwal ɗin Inugu. Lebura kuwa daga ko'ina: Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi, Barno, har da ƙasashen da Faransa ke mulka. Hausa ta zama harshen bariki. In kuna son shaida, ku dubi sunayen ƙauyukan da aikin ya haifa: Barikin Ladi, Sabon Gida, Dorowa, Gindin Akwati, Mai Adiko, Mai Idon Toro, Dogo Na Hawa. Ni dai duk lokacin da na karanta waɗannan sunaye sai in ji kamar kowanne gajeren labari ne da ba a rubuta ba. Wane ne mai idon toron? Akwatin wa aka zauna a gindinsa?

To, a nan ruwa ya zama babbar matsalar kamfanoni. Lokacin da lebura ke da yawa, wato rani, lokacin ne rafukan Filato ke janyewa. Lokacin da ruwa ya wadata kuma, lebura ya koma gonarsa. Sai suka shiga tare rafuka da madatsun ƙasa don adana ruwan damina, suka kuma haƙa dogayen magudanai, irin abin da manoman Kadawa ke kira kanal, masu bin gefen tudu a hankali, wasu tafiyar mil da yawa, har su kai ruwa bakin ramin da ake wanki. Da diga da shebur da kwanon sarki aka yi mafi yawansu. Akwai leburorin da aikinsu ke nan, yashe magudana da toshe inda ta ɓalle. Daga baya aka gane cewa ruwan da ke faɗowa daga bakin tudun zai iya ba da wuta. Aka gina tashar lantarki a Kwall a farkon shekarun 1920, sannan a 1929 aka kafa kamfanin NESCO wanda ya gina ta Kurra. Da wutar aka samu injinan da ke feso ruwa da ƙarfin da ke rusa gaɓar rami, da masu zuƙo tsakuwa daga ƙasan rami, da manyan injinan haƙa masu dogon wuya da ke kwashe ƙasar sama su tara ta tsibi-tsibi. Ramuka suka ƙara zurfi. In an gama da rami aka kashe injin zuƙar ruwa, sai ya cika ya zama tafki.

Akwai babi guda da bai kamata a tsallake ba. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa samar da kuza, ga kuma yaƙi ana tsakiyarsa. Sai aka juyo kan Filato. Gwamnati ta ɗora wa lardunan Arewa kason mutanen da za su kawo, En'e ta sauke wa hakimai, hakimai suka sauke wa masu gari, masu gari suka kama talakan da ba shi da mai tsaya masa. Mutane suka sa wa abin suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000, kowane rukuni na yin kimanin wata huɗu. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Barno aka kai shi sanyin tudu ba bargo, ba isasshen abinci, ɗakin kwana kuwa sai a hankali. Da yawa sun gudu, da yawa sun mutu, kuma wurin da ya fi yin ƙaurin suna wajen mace-mace shi ne aikin madatsar Tenti, wadda aka gina don ƙara wa tashar Kurra ruwa. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya. Abin da ke damuna shi ne, a cikin ɗimbin littattafanmu na Hausa ban taɓa cin karo da labarin da jaruminsa ɗan diban gwamna ne ba. In akwai wanda ya sani, don Allah ya nuna mini.

Bayan yaƙi an sake samun 'yar walwala a farkon shekarun 1950, lokacin da Amurka ta shiga sayen kolombait, wani ma'adini da ke fitowa tare da kuza wanda a da zubar da shi ake yi. Daga nan sai gangara. Kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, wadda ta rage tana ƙarƙashin dutse, tsadar haƙa ta ƙaru, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, Turawa suka tattara nasu-ya-nasu bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972. A watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya. Manyan kamfanoni irin su ATMN, wanda a da ya fi kowa ma'aikata a Filato, suka zama tarihi.

Me aka bari? Ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 300 da aka birkice, tsibin jar ƙasa da ko ciyawa ba ta son hawa, injina na tsatsa a daji, magudanan da suka cike da yashi, da tafkuna fiye da 1,000. Tafkunan nan ba irin namu ba ne masu gangara a hankali. Gaɓarsu a tsaye take, zurfinsu na ban tsoro, sun ci yara sun ci shanu. A cikin dusar ma'adinin da aka zubar kuma akwai sinadarai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki in an daɗe ana mu'amala da su, mutane kuwa sun yi ta ɗibar yashin suna gini.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta wa kamfani ya gyara wurin da ya tona, aka kuma kafa sashen gyaran ƙasar ma'adinai. Dabararsu ita ce a baje tsibin da katafila, a dasa bishiyar turare. Shi ya sa har yau in ka doshi Bukuru ko Barikin Ladi za ka ga dazuzzukan turare a jere. Sun ba da itacen girki da na gini, sun riƙe ƙasa daga zaizaya. Amma wurin da aka gyara ɗan kaɗan ne a kan wanda aka ɓata, kuma da masana daga Jami'ar Jos da Jami'ar Durham ta Ingila suka auna ƙasar a shekarun 1980 da 1990, sai suka ga turaren bai mayar da ita ƙasar noma ba. Tana nan da tsaminta.

Waɗanda suka raya ƙasar wasu ne daban, kuma babu wanda ya aike su. Tun zamanin Turawa akwai Hausawa 'yan lambu a gaɓar rafin Dilimi da ke noma wa barikin Turawa kayan miya da ganyaye, suna ɗebo ruwa da jigo. Da aikin kuza ya mutu, tsofaffin leburori da 'ya'yansu suka duba suka ga abu biyu a banza: ruwa da fili. Filin matacce ne, amma Bahaushen da ya tashi a karkarar Kano ko Katsina ya san abin da ake yi wa matacciyar ƙasa, don ya ga jakuna na fita da takin birni zuwa gona tun yana goye. Sai suka shiga sayen sharar garin Jos. A kawo ta a tifa, a ƙone, a tsince gwangwani da kwalba, a baje tokar a fili, a haɗa da kashin shanu da na kaji da ɗan takin zamani. Toka na kashe tsamin ƙasa, wannan kuwa shi ne ainihin ciwon ƙasar kuza. Shekara ɗaya, biyu, biyar, jar ƙasa ta fara yin baƙi. Da ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur suka yawaita a shekarun 1980, jigo ya kwanta, aka jefa tiyo cikin tafkunan kamfani, aka ja ƙananan magudanai da fartanya zuwa kwamin lambu. Masu ƙasar, Birom da sauransu, waɗanda a da noman damina suka fi sani, suka ba da hayar fili, suka ga amfanin abin, suka koya, har suka zama gwanaye. Kabeji, karas, latas, koren wake, kokwamba, tumatir, dankalin Turawa: motocin da ke lodi a Jos zuwa Abuja da Legas da Fatakwal, wani kaso na kayansu da ruwan ramin kuza aka shayar da shi. Masanan da na ambata sun rubuta a fili cewa manoman nan sun yi abin da shirin hukuma ya kasa.

Ba na son in mayar da abin tatsuniya. Sharar birni ta yau ba irin ta da ba ce, cike take da leda da batir, kuma an yi ta nuna damuwa kan ƙarafa masu guba da ka iya shiga ganye. Amma duk da haka, in aka tambaye ni wa ya fara gyara ɓarnar da kamfanonin Landan suka yi, zan ce mai lambu ne da buhun toka.

Yanzu bari mu leƙa ƙasar masu kamfanonin, don su ma sun ɗanɗani irin wannan a gida. A tsakiyar Ingila akwai wani kanal da ake kira Chesterfield, wanda aka buɗe a 1777. Tsawonsa mil 46, daga garin Chesterfield zuwa kogin Trent. Shi ba don wanki ko ban-ruwa aka yi shi ba, hanya ce: doki na tafiya a gaɓa yana jan dogon kwalekwale mai ɗauke da kwal da dalma da ƙarfe da farar ƙasa. Inda ƙasa ta yi tudu sai a gina ɗakunan ruwa masu ƙofofi, kwalekwale ya shiga, a rufe, a cika ɗakin ya ɗaga shi sama kamar matakala. Ta wannan kanal aka fitar da duwatsun da aka sake gina majalisar dokokin Ingila da su a shekarun 1840. A wani wuri da ake kira Norwood ya ratsa ƙarƙashin tudu ta rami mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi. Jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace masa ciniki, haƙar kwal ta ƙwaƙule ƙasan ramin, a watan Oktoba na 1907 ya rufta. Kanal ya rabu biyu. Ɓangaren yamma ya zama juji, wani wurin aka cike shi aka yi gini.

A 1976 wasu mutanen yankin suka kafa ƙungiya da nufin sake buɗe shi. Ba injiniyoyin gwamnati ba ne, mutanen gari ne masu fita ranar hutu da shebur da baro. Ana cikin haka sai masifar da ta sami Filato ta same su: bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, aka bi ramukan kwal ana rufewa ɗaya bayan ɗaya, Shireoaks, Markham, Kiveton Park, garuruwa suka wayi gari ba aikin yi. A nan ne maganar kanal ta tashi daga sha'awar 'yan tsiraru ta zama maganar raya gari. Ƙananan hukumomi suka shigo, aka samo kuɗi. A Shireoaks, wurin da ake loda kwal a da ya zama matsayar kwalekwalen shaƙatawa, aka gina gidaje kewaye da shi. A filin ramin Kiveton Park aka yi tafkunan kamun kifi. A Staveley aka buɗe sabuwar matsaya a 2012, 'yan sa-kai suka gina ɗakin ruwa da hannunsu aka buɗe shi a 2016. Zuwa yanzu an farfaɗo da kimanin mil 12, saura ƙasa da mil 9, kuma sun daɗe suna fatan haɗe shi a 2027, lokacin da zai cika shekara 250. Ku lura da lissafin: kusan shekara hamsin ana abu ɗaya, ba a gama ba, ba a kuma fasa ba.

Zai yi sauƙi a ce bambancin kuɗi ne, su suna da shi mu ba mu da shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ba nan na fi ganin bambancin ba. Kanal ɗin bai dawo da ayyukan da kwal ya tafi da su ba, mai shagon shayi a bakin ruwa ba zai ɗauki mutum dubu aiki ba. In ma ana maganar ciyar da mutane ne, lambunan Filato sun fi shi nesa. Abin da mutanen Chesterfield suke da shi wanda namu ba su da shi abu biyu ne. Na farko, rubutu. Suna da taswirar kanal ɗin tun ta ranar da aka haƙa shi, sun san inda kowace ƙofa take ko da ƙasa ta binne ta, saboda haka suna iya zuwa gaban hukuma su ce ga hanyar ruwa nan, kada a yi gini a kanta. Na biyu, an san na wane ne. Wanda ya ba da Asabar ɗinsa yana yashe laka ya tabbata ba za a wayi gari wani ya ce masa tashi ba.

A Filato kuwa, ramin da kamfani ya bari na wa ne? Na iyalin da aka ƙwace wa gona a 1920? Na gwamnatin da ta ba da izinin haƙa? Ko na mai lambun da ya shekara ashirin yana zuba toka har ƙasar ta rayu? Kowanne yana da hujjar da ba za a yi wa dariya ba. Muddin ƙasar tana matacciya babu mai tambaya. Da ta yi baƙi ta fara kawo kuɗi, sai tambayar ta taso, mai haya ya ga an ƙara masa kuɗi ko an karɓe filin bayan ya gama wahalar gyara shi. Sannan rikicin Jos ya zo, na Satumbar 2001, na Nuwambar 2008, na 2010. Ba na cewa lambu ne ya haddasa shi, tushensa ya fi haka zurfi, akwai siyasa da maganar ɗan ƙasa da baƙo wadda ita ma aikin kuza ne ya shuka ta. Amma ku duba inda aka yi wasu daga cikin munanan kashe-kashen 2010: Kuru Karama a watan Janairu, Dogo Na Hawa a watan Maris. Dukansu tsofaffin matsugunan 'yan kuza ne. A ɗaya Musulmi aka fi kashewa, a ɗayan Kirista. Amanar da ke tsakanin mai fili da mai haya, wadda ba a rubuce take ba, a wurare da yawa ta tafi tare da hayaƙin. Wanda ya san sirrin toka ya bar filin, wanda ya rage ya rasa abokin ciniki.

Wani zai ce, to mu Katsinawa ina ruwanmu, mu da ba mu da kuza? Muna da namu ramukan. Ganuwar birnin nan da hasumiyar Gobarau da duk tsohon soron da kuka sani, daga ƙasa aka haƙo su, kuma ramukan da aka bari su ne kududdufan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna shanye ruwan damina kafin ya shiga ɗakunan mutane. A 'yan shekarun da na yi a duniya na ga an cike wasu da shara an yanka filaye. Babu wanda ya zana taswirar yadda ruwa ke bi daga wannan kududdufi zuwa wancan har ya faɗa Ginzo ko Tille, sai dai ruwan da kansa yana tuna mana duk watan Agusta. A ƙasar Ƙanƙara ana haƙar farar ƙasa ana barin ramuka, waɗanda wata rana za a yi tambayar na wane ne. Kanal kuwa muna da wanda bai ma yi aikin da zai tsufa ba: an gama madatsar Zobe kusa da Dutsinma a 1983 da niyyar shayar da dubban kadada, aka shekara gommai ruwa na kwance, magudanan ba su kai shi gonakin da aka yi wa alkawari ba.

Makon jiya na bi ta lambunan bayan Ƙofar Marusa da yamma. Ruwan da ke gangarowa ta Ginzo a wannan lokaci na shekara ba ruwan sama ba ne, ruwan kwatamin birni ne, baƙi, mai kumfa. Ga injina na ta ƙugi, ga latas da kabeji kore shar, gobe da safe suna kasuwa. Na tsaya wurin wani dattijo da ke gyara kwami, muka gaisa, na tambaye shi tun yaushe ake noma a wurin. Ya ce shi dai a nan ya tarar da mahaifinsa. Na tambaye shi ko filin nasa ne. Ya yi dariya, ya nuna mini da bakin fartanya inda sababbin gine-gine suka tsaya, bai fi taku ɗari ba daga kwaminsa na ƙarshe. Na ce zan dawo ranar Asabar da littafi da biro, ya faɗa mini sunayen lambunan da ke nan a da da inda ruwa ke bi kafin a yi kwalbati. Ya ce in zo da wuri, kafin rana ta yi zafi.